Hanyar Maple Creek

Zuwa ga Yayana,

Yaya Inna da ƙafar tata? Ka gaishe ta da kyau, ka tuna mata maganin nan bayan cin abinci ake shan sa. Yaya damina? Na ji an ce ruwa ya zauna a wajenku, Allah ya sa a kwashe lafiya.

Ranar da muka yi waya ina gidan mai a Brandon ka yi mini wata tambaya, layi ya yanke ban ba ka amsa ba. Ka ce wai wane ne wannan mutumin da zan ajiye aiki kwana uku, in ɗauki yaro, in tuƙa mota kusan kilomita 950 don gaisuwar mutuwarsa, alhali ba dangin iya ba na baba, ko addini ba mu haɗa ba. Ban ga laifinka ba, don ban taɓa zama na ba ka labarinsa sosai ba. Sunansa kawai kake ji a bakin yara, Kaka Mai Shanu. To yau na samu hutu, bari in ba ka labarin tafiyar da na mutumin, ka yi hukunci da kanka.

Mun bar Winnipeg bayan asuba, ni da ɗanka. Uwarsa ta so zuwa, amma ƙananan ba su da mai tsaron su. Ta cika mana kula da dambun nama da ƙosai da shayi a fulas, kamar masu tafiya Ikko. Kuma nisan kusan ɗaya ne, kaɗan ya rage ya kai Kano zuwa Ikko. Bambancin dai hanyar ce. Titi ɗaya ne tak, Hanya Mai Lamba Ɗaya wadda ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma, tagwaye, ka saita hancin mota yamma ka riƙe sitiyari. Babu shinge, babu kasuwar bakin titi, babu yara masu tallar gyaɗa ko ƙwai, babu akuyar da za ta gitta. Na san kai da ka sha hanyar Zariya za ka ce wannan ai daɗi ne. Akwai daɗi, amma akwai wani irin kaɗaici a cikinsa da sai wanda ya bi ya sani. Sai ka yi rabin awa ba ka ga mutum a tsaye da ƙafarsa ba.

Daga fitar gari ƙasa take shimfiɗewa kamar an sa faifai an baje ta. Wannan yankin na Manitoba gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, shi ya sa ba tudu ba kwari, ƙasar kuma baƙa wuluk kamar ta fadama. Ƙarshen watan Yuli ne, kanola ta yi fure. Kanola wani tsiro ne da ake tatsar mai daga ƙwayarsa kamar riɗi, masana a Manitoba da Saskatchewan suka gyara irinsa a shekarun 1970 har ya zama na ci. Furensa rawaya ne shar, gona guda sai ta cika maka ido daga nan har inda sama ta taɓa ƙasa. Can sai wata gonar mai shuɗin fure ta biyo baya, daga nesa ka rantse ruwa ne. Sai alkama, ta fara juyawa daga kore zuwa ruwan zuma. Duk lokacin da muka wuce alkama sai in tuna ka a Kadawa cikin hunturu, wando a naɗe, kana buɗe wa fangali ruwa da fartanya. Su nan alkamarsu ta damina ce, ruwan sama da ɗanshin ƙanƙarar da ta narke kawai take sha. Wata ma daga cikinta jirgin ruwa ke kawo ta Najeriya, ta yiwu burodin da kuka karya da shi yau akwai ƙurar wannan filin a cikinsa.

Na san abin da za ka tambaya, girman gona. Lokacin da gwamnati ta fara raba ƙasar nan, a dokar 1872, an auna ta ne an yanka murabba'i murabba'i, kowane mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, eka 640. Aka raba kowane gida huɗu. Duk wanda ya biya dala 10 ana ba shi eka 160, in ya zauna shekara uku ya noma ya gina ɗaki, ta zama tasa. Mutane suka yi ta kwararowa daga Ingila, Yukiren, Jamus, Rasha da Amurka. Shi ya sa in ka sauka daga babban titi hanyoyin tsakuwa duk a miƙe suke, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar gidan dara. Yau eka 160 ba ta riƙe gida. Matsakaiciyar gona a Saskatchewan ta haura eka 1,700, kuma mutum biyu ko uku ne ke noma ta da injina. A 1941 gonaki a jihar sun haura 138,000, a ƙidayar 2021 kimanin 34,000 suka rage. Ƙasar da ake nomawa ba ta ragu ba, masu noman ne suka watse. Kana tafiya za ka ga alamarsu: itatuwa a jere sun kewaye wani fili, a tsakiya gidan katako ya karkace, taga babu gilashi. Wani ya haifi 'ya'ya goma a ciki.

Mun sha mai a Brandon, nan muka yi wayar. Bayan Virden muka fara ganin injinan tatsar man fetur a tsakiyar gonaki suna sunkuyawa suna ɗagowa kamar mata a bakin turmi. Da muka shiga Saskatchewan sai agogon mota da na waya suka saɓa, domin su ba sa canza agogo rani da hunturu, saboda haka a wannan lokacin Manitoba ta riga su da awa guda. Ɗanka ya ce an ba mu kyautar awa ɗaya. Na ce ya ajiye ta, ranar komawa za a karɓe.

Garuruwan kan hanya jirgin ƙasa ne ya haife su. Da aka shimfiɗa dogo a farkon shekarun 1880, duk bayan mil takwas ko goma sai a kafa tasha, gwargwadon nisan da manomi zai kai hatsi a keken doki ya dawo gida kafin dare. Kowace tasha da rumbunta na katako, dogo kamar hasumiya, da sunan garin a rubuce a jikinsa. A shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun kusa 6,000 a faɗin yankin. Matafiyi da su yake gane ya kusa gari, kamar yadda muke hango rimi ko kuka mu san mun iso. Yanzu an rushe mafi yawansu, an gina manya na kankare jefi-jefi, tirela ke kai musu hatsi daga nesa. Idan rumbu ya faɗi, galibi banki ke bin bayansa, sai makaranta, sai kanti. Mun wuce jirgin ƙasa ɗaya, ɗanka ya ƙirga taragu har ya wuce ɗari ya gaji.

A Indian Head na nuna masa inda gandun renon itatuwa na gwamnati yake a da. Tun 1901 suke raba wa manoma dashe don su kare gonaki da gidaje daga iska, har suka raba fiye da miliyan 600 kafin a rufe shirin a 2013. Na tuna layukan dogon yaro da aka dasa a arewacin Kano da Jigawa don tare hamada, irin waɗanda muke wucewa in za mu gidan Goggo. Ciwon ɗaya ne, iska ce ke kwashe ƙasa in ba ta samu abin da zai tare ta ba.

Regina muka yi azahar da la'asar, ƙasaru kuma a haɗe. Wani abu da har yau yake ba ni mamaki, nan alƙibla arewa maso gabas take. Shekarata ta fari zuciyata ta ƙi yarda, sai da na ɗauki ƙwallon taswirar duniya na ja zare daga nan zuwa Makka na gani da idona. Sunan garin na da a harshen Cree, wasu daga mutanen ƙasar na asali, yana nufin tarin ƙasusuwa, a 1882 aka canza shi don girmama Sarauniya Victoria. Ƙasusuwan na ɓauna ne. Wannan filin duka, Yaya, kafin alkama, makiyayar ɓauna ce, miliyoyi, kuma a kanta mutanen ƙasar na asali suka dogara: nama, tufa, tanti, igiya. Cikin 'yan shekaru aka karkashe ta da bindiga, kafin 1880 ta kusa ƙarewa. Daga baya aka riƙa tsince ƙasusuwan ana lodawa a jirgin ƙasa ana yin taki da su. A 1874 aka ƙulla yarjejeniya da sarakunan mutanen ƙasar na asali a Fort Qu'Appelle, aka yi musu alkawura, aka killace su a 'yan filaye. Na gaya wa ɗanka wannan duka, don ba na son ya girma yana zaton Turawa sun tarar da filin ba kowa.

Bayan Regina akwai ma'adinar fotash a Belle Plaine, ana hango ta daga titi. Fotash ɗin nan shi ne harafin K da kake gani a jikin buhun takin zamani, kuma babu inda ake haƙo shi da yawa a duniya kamar wannan jihar. Ka ga inda kuɗinka ke zuwa duk shekara.

Daga Moose Jaw ƙasar take sauya fuska, kuma daga nan ne zuciyata ta fara bugawa. Shimfiɗar ta ƙare, tuddai marasa itace suka fara, ciyawa ta gajarce ta yi fari-fari. Gonaki suka ragu, shingen waya da shanu suka ƙaru, ga ƙunshin ingirici manya-manya an mirgine su a fili suna jiran hunturu. A Chaplin akwai tafkin gishiri, an tara farin abu tsibi-tsibi a bakin titi kamar kanwa a kasuwa, in ba ka sani ba ka ce ƙanƙara ce ta ƙi narkewa. Kurege a kan kowane dutse, shaho a kan sandar shinge, can nesa wata irin barewa mai farin gindi tana kallon mota ba ta ko motsa. Wani Bature mai suna John Palliser da aka turo ya binciki yankin tsakanin 1857 da 1860 ya ce wannan kusurwar ta yi fari da yawa, ba ta noma ba ce. Ba a saurare shi ba, aka kafta garma. A shekarun 1930 fari ya zo ya zauna, iska ta ɗebe ƙasar gonaki ta mai da rana dare, fara ta cinye abin da ya rage. Dubban gidaje suka ɗaure kaya suka gudu. Iyayen Kaka Mai Shanu suna cikin waɗanda suka tsaya. Ya taɓa ce mini mahaifiyarsa tana jiƙa tsumma ta toshe bakin taga, duk da haka da safe sai ta share ƙura daga kan fuskar jariri. Daga wannan wahalar suka koyi mai da gona makiyaya, da haƙa kududdufi a kowane fili don tare ruwan ƙanƙara.

Wajen nan hadari ya same mu. A wannan filin kana ganin hadari awa guda kafin ya iso, a tsaye shi kaɗai a gefen sama kamar dutse, ruwa na zuba ƙarƙashinsa, gefe guda kuma rana na haskawa. Na tuna yadda muke tsayawa bayan gida muna kallon gabas, Baba ya ce wannan namu ne, ko ya ce wannan na mutanen Ɗambatta ne. Wannan namu ne ya zama. Muka tsaya gefen titi minti ashirin, ƙanƙara na dukan rufin mota. Ban damu da mota ba, tunanina yana kan mai gonar da ke gefenmu, don minti goman ƙanƙara ya isa ya kwantar da noman shekara.

Swift Current ita ce babban gari na ƙarshe. Nan muke zuwa Juma'a da sallar Idi lokacin da muke zaune a yankin, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Masallacin ƙarami ne, amma shi ya riƙe mu. A matsayina na likita kuma garin yana da wani girma a idona. A wannan yankin ne a 1946 manoman da suka fito daga fari suka yarda kowa ya riƙa biyan wani abu, don in ciwo ya zo kowa ya ga likita ba tare da an tambaye shi kuɗi ba. Daga nan abin ya bazu, ya game jihar a 1962, duk da likitoci sun yi yajin aiki na kwana 23 don ƙin sa, daga baya ya game ƙasar. Talakawa ne suka fara shi, mutanen da suka san abin da ake ji in yaro na zazzaɓi kuma babu ko sisi a gida.

Daga nan sai ɗanka ya yi shiru, ya manna goshi a gilashi. Shekara huɗu yake da ita da muka zo, tara da muka tashi. Da muka juya kudu a kan Hanya ta 21, tuddan Cypress suka bayyana can gaba, shuɗi-shuɗi da duhun itatuwa a kansu, sai ya ce da Hausarsa mai tsami, "Baba, mun zo gida." Ban gyara masa ba.

Maple Creek gari ne na mutum dubu biyu da 'yan kai. Dogo ya ratsa shi, babban titinsa ɗaya, gine-ginen jan bulo, kasuwar kara a gefe inda ake gwanjon shanu. Garin kaboyi ne na gaske, mutane na shiga banki da malafa da takalmin hawa. A 2013 aka turo ni can, domin likitan da ya yi karatu a waje galibi ƙauye ake fara kai shi ya yi wasu shekaru, shi ya sa asibitocin karkarar nan cike suke da 'yan Najeriya da 'yan Afirka ta Kudu. Na zo ban san kowa ba, ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba. A hunturun farko, ina dawowa daga duba wata tsohuwa a wajen gari, iska ta taso da dusar ƙanƙara har ban iya ganin hancin mota ba, na zame na faɗa ramin gefen hanya. Sanyi ya wuce talatin ƙasa da sifili, waya babu layi. Na karanta abin da na iya karantawa na zauna. Bayan kamar awa guda na ga fitila. Wani dattijo ne a kan tarakta, ya fito kai wa shanu ciyawa ya hango wutar motata. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya ɗaura sarƙa ya ja ni, ya kai ni gidansa, matarsa ta sa ƙafafuna a ruwan ɗumi. Washegari ya kai ni wani fili ya sa na yi ta taka burki a kan ƙanƙara har na gane yadda mota ke zamewa. Ya sa mini bargo da kyandir da ashana da shebur a bayan mota, ya ce in na sake faɗawa kada in kuskura in fita da ƙafa, mota ake samu, mutum ba a samun sa sai bazara.

Da Babbar Salla ta matso na rasa inda zan samu rago. Na tambaye shi cikin jin nauyi. Ya saurari bayanin Annabi Ibrahim, ya ce ya san labarin a littafinsu. Yana da 'yan tumaki, ya zaɓo mini mafi kyau, ya duba ido da ƙafa da haƙori da na gaya masa sharuɗɗan. Ranar Salla shi ya riƙe ƙafafu na yi bisimilla na yanka, ya cire malafarsa har na gama. Shekara biyar muna haka. Bai taɓa karɓar kuɗin da ya kai kuɗin ragon ba, sai mu yi ta ja, a ƙarshe in kai masa soyayyen nama da yaji, yana ci yana hawaye yana ƙarawa. Shi ya fara ɗora ɗanka a kan doki.

Amma ba wannan ne ya sa na yi tafiyar ba. Ka tuna Disambar 2015. Ka kira ni cikin dare ka ce Baba ya cika, kafin gari ya waye a nan har kun dawo daga maƙabarta. Kai kana zaure, jama'a na shigowa, malamai na addu'a, kana da wanda za ka kalla. Ni ina falo a ƙarshen duniya, ni da matata da yara ƙanana, ƙanƙara ta rufe taga. Ban taɓa gaya maka yadda wannan safiyar ta kasance ba, kuma ko yanzu ba zan iya ba. Wajen azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijon nan ne, labari ya kai masa ta asibiti. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "A garinku me ake yi?" Na ce zama ake yi, kwana uku, mutane su zo su zauna da kai. Ya cire takalmi ya shigo. Ya ga na shimfiɗa darduma a ƙasa, sai ya ƙi kujera, ya lanƙwashe gwiwoyinsa masu ciwo ya zauna a gefena. Bai yi magana ba. Da la'asar ta yi na tashi salla, ya jira, na dawo na same shi inda na bar shi. Washegari ya dawo da maƙwabtansa uku, suka jera malafunansu a bakin ƙofa. Rana ta uku falon ya cika, har da wasu dattawa biyu daga Nekaneet, mutanen Cree ɗin da kakanninsu suka ƙi barin tuddan nan lokacin da gwamnati ta hana abinci don ta kore su a farkon shekarun 1880, sai a 1913 aka ware musu ɗan fili. Ɗayansu na taɓa ɗinke masa hannu. Kilomita arba'in ne daga gidan dattijon zuwa nawa, hanyar tsakuwa, cikin wannan sanyin, kullum sai ya gama ba shanu abinci sannan ya taho. A rana ta uku ya ce in ba su labarin Baba. Na ba su labarin yadda yake tafiya ƙauyuka a keke don gaisuwa, in Inna ta yi ƙorafi ya ce zumunci a ƙafa yake. Na fassara musu, suka gyaɗa kai. Ranar ce na samu na yi kuka.

To ka ji wanda ya rasu. Shekararsa tamanin da bakwai, a cikin barci.

An yi taron a babban ɗakin taro na gari don coci ba zai ɗauki jama'a ba. Na tsaya daga baya lokacin addu'o'insu, ban shiga abin da ba nawa ba, su ma ba wanda ya sa ran in shiga. A waje jikansa ya ja dokinsa da sirdi babu mahayi. Bayan nan matan gari suka fito da abinci da gahawa kamar yadda suka saba, wata ta jawo ni gefe ta nuna mini faranti, ta ce wannan na ƙwai ne da kifi, ta ware mana don ta tuna. Shekaru bakwai ke nan da tashinmu daga garin. Mutane suka yi ta zuwa, likita ka dawo, wannan ne yaron, ya fi ka tsawo. Wata mata ta turo wata yarinya gabana ta ce ni na karɓi haihuwarta. Na tambayi wasu, aka ce sun rasu, wasu sun sayar sun koma wajen 'ya'yansu a Calgary ko Medicine Hat.

Da yamma muka bi tsohuwar matar marigayin gida. Duk motar da muka gamu da ita a hanyar tsakuwa sai direba ya ɗaga yatsa daga kan sitiyari, gaisuwarsu ke nan, ɗanka ya tuna ya riƙa ramawa. Na cire takalmi na zauna a ƙasa a falonta. Ta gane abin da nake yi, ta sa hannu ta rufe baki. Mun zauna har rana ta faɗi, kuma nan a wannan watan sai wajen ƙarfe tara take faɗuwa. Kafin mu tashi ta kai ni kicin ta ɗauko kalandun da take tarawa a aljihun tebur. A kowace shekara akwai rana ɗaya da ya zagaye da biro ya rubuta rago. Na taɓa gaya masa Sallarmu tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ashe ya riƙe lissafin. Har bayan mun koma Winnipeg bai daina ba, ta ce duk shekara sai ya ware ɗaya ko za mu zo. Sau biyu kawai muka je a cikin bakwai ɗin, Yaya. Kullum aiki, kullum nisa. Wannan yana ci mini rai, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa.

Za a yi gwanjon shanun da injinan bayan kaka. Ɗansu injiniya ne a birni, ba zai dawo ba, maƙwabci zai haɗa filin da nasa. Ita za ta koma wani ɗan gida a cikin gari kusa da asibiti. Na yi mata alkawari za mu zo da yaran duka kafin ƙanƙara ta sauka, kuma na riga na rubuta hutun.

Ta tambaye ni Inna, don ta san labarinta tun wancan zaman. Ta ce a gaya mata wata tsohuwa a nan ta shiga sahunta. Ka isar mata da wannan yadda na faɗa. Sannan ina da roƙo. In ka shiga Kurmi ka samo mini luru mai kauri, saƙin hannu na gaske, mai baƙi da fari irin wanda Baba ke lulluɓa da hunturu. Akwai wanda zai taho nan a watan Satumba, zan turo maka lambarsa. Kada ka haɗa da kilishi, ba sa bari nama ya shigo. Ina son in kai mata lurun da hannuna.

Ɗanka yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shi ya tuƙa daga Gull Lake zuwa Swift Current a dawowa, ina gefensa. Ka gaida Yaya Babba da su Goggo da duk mutanen gida. In ka je wajen Baba ranar Juma'a ka yi masa addu'a da sunana.

Wassalam,
Ƙaninka.